Ɗakin da Ya Ƙi Raguwa

A ofishin kowa da sunan da aka laƙaba masa, ita kuma Birkila ake ce mata. Ba ta taɓa riƙe cokalin siminti ba a rayuwarta, amma gini ne sana'arta. Kamfaninsu wasannin waya yake yi, ita ce mai tayar da gidaje da lunguna a cikin kwamfuta, ta sa ƙofa nan, ta sa taga can, kafin a saki 'yan wasa su yi ta zagaya ciki. Ofishin a saman bene yake, bisa wani shagon gyaran firji, tagarsa ɗaya tana kallon bangon maƙwabta, fankarsa kuwa ƙara ta fi iska.

Wasan da suke kai a lokacin na wata kyanwa ne da 'ya'yanta suka ɓace, tana bi gida gida tana nemansu. Kowane gida mataki ne guda. Manhajar da suke gini da ita takan nuna gidan ta sama, kamar an yaye rufinsa, kowane ɗaki da ɗan farin ɗigo a kusurwarsa. In ka kama ɗigon da maus, wato linzamin kwamfuta, ka ja waje, ɗakin ya buɗe. In ka tura ciki, ya tsuke.

Wata safiya Oga, mai kamfanin, ya tsaya a kanta riƙe da kofin shayi.

"Birkila, gidan nan na Kurma ya yi nauyi. Duk wayar da aka buɗe shi a kai sai ta yi zafi kamar dutsen guga. Ki rage shi. Kowane ɗaki ki ɗan tsuke shi, kyanwa ce za ta shiga ba raƙumi ba."

"Oga, aikin mutum ne fa. Ba za a jira shi ba?"

Oga ya kalli kujerar da ke kusa da tata, wadda aka mayar wurin jibge kwalaye, ya kau da kai. "Allah Ya ba shi lafiya. Amma wasa ba ya jira."

Kurma ba kurma ba ne. Abin sauraro ne kullum a kunnensa, sai ka kira shi ka gaji kafin ya ɗago, shi ya sa sunan ya bi shi. Watannin baya mota ta buge shi a hanyar zuwa aiki. Asibiti sun yi iya yinsu suka sallame shi, yana kwance a gidansu wurin yayarsa, ido a buɗe, ba magana, ba motsi. Da farko 'yan ofis sun yi ta sintirin dubiya, daga baya ƙafa ta ɗauke, aka koma tambayar juna ko an ji labarinsa.

Birkila ta buɗe gidan. Tun daga zaure ta gane ba da wasa ya gina shi ba. Akwai tabon ruwa a bangon banɗaki. Akwai ƙofar kicin da ta fi sauran gajarta. Akwai wani tudu a tsakar gida wanda ba shi da wani amfani a wasan, sai dai ya sa kyanwa tuntuɓe. Ta yi tsaki mai haɗe da murmushi ta kama aiki. Ta tsuke zaure, ta rage kicin, ta datse falo. Komai yana bin hannunta lafiya lau, har ta iso ɗakin ƙurya.

Ɗakin ƙato ne, ya kusa rabin gidan, kuma wayam yake. Ba kujera, ba taga, ba ko tabarma. Ta kama ɗigon ta tura ciki. Bangon ya biyo ta kaɗan, ta saki, sai ya koma inda yake. Ta sake, ya sake komawa. A karo na gaba wani jan rubutu ya fito a ƙasan allon: ba za a iya ragewa ba, akwai abu a wurin.

Ta duba jerin kayan ɗakin, babu komai a ciki. Ta kunna abin da ke nuna ɓoyayyun kaya, nan ma babu.

"Boka!" ta kira. "Zo ka yi mana tsatsuba."

Boka shi ne mai gyaran manhaja, duk abin da ya lalace wurinsa ake kaiwa. Ya turo kujerarsa da ƙafa har ya iso, yana taunar biro.

"Me kika ɓata kuma?"

"Ni ban ɓata komai ba. Bango ne yake yi mini taurin kai."

Ya gwada da kansa, ya karanta jan rubutun, ya yi dariya. "Kurma ke nan. Ko a kwance yake sai ya ba mutane aiki. Ƙila wani abu ya ajiye ya goge rabi ya bar rabi." Ya ja allon madannai gabansa, ya yi 'yan rubuce-rubuce. "Na cire mata takunkumin. Yanzu ko uban wa ke ciki, sai ya matsa. Tura."

Ta tura. Bangon ya shigo, amma da nauyi, kamar maus ɗin ya maƙale a ƙasan tebur. Ta shigo da na hagu, ta shigo da na dama, har ɗakin ya koma ɗan siririn lungu. Kwamfutar ta fara huci. Daidai nan aka kira su cin abincin rana, suka bar ta a haka suka sauka.

Da ta dawo ta sa abin sauraro, ta kunna wasan don ta gwada. Kyanwar ta bi zaure, ta ratsa tsakar gida, ta shiga ɗakin ƙurya. Maimakon ta miƙe inda Birkila ta tura ta, sai ta ratse gefe, kamar tana kauce wa wani abu. Sannan ta yi tsalle ta hau. Babu abin da ta hau. Tana zaune a iska, tsayin gado daga ƙasa, ta naɗe jela.

Birkila ta matso da fuskarta. Kyanwar ba a tsaye cak take ba. Tana ɗagawa sama tana sauka, sauri sauri, kamar wadda ke zaune a ƙirjin mutumin da numfashi ke gagara. A cikin kunnenta kuma, can ƙarƙashin ɗan kiɗan wasan, akwai wani sauti siriri mai shiga da fita.

Ta fizge abin sauraron. Ofis yana nan yadda yake, fanka na ƙara, Oga na faɗa a waya. Ta koma manhajar ta mayar da bangayen inda Kurma ya sa su. Ta sake kunna wasan. Kyanwar tana nan a iska, amma ɗagawar ta lafa, a hankali take hawa, a hankali take sauka.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta ce wa Oga za ta je dubiya, ta nemi lambar yayar Kurma, ta tari taksi tun rana na sama.

Ba ta taɓa zuwa gidan ba, a asibiti ta riƙa ganinsa. Yayar ta buɗe mata ƙofa, mace mai jiki, da alamun gajiya a ƙarƙashin ido, hannunta duk kumfar wanki.

"Lale, lale, ƙanwata. Ashe ba ku manta da mu ba. Shigo, ki lura da..."

Birkila ta riga ta ɗaga ƙafa ta tsallake tudun da ke tsakar gida. Sai bayan ta tsallake ta tsaya. Ta juya ta ga ƙofar kicin, gajera. Ta hangi tabon ruwan a bangon banɗaki.

"Kin taɓa zuwa ne?" in ji yayar. "Duk baƙon da ya shigo sai tudun nan ya gaishe shi."

"A'a, Yaya. Ya taɓa ba ni labari."

Ƙafarta ta kai ta ɗakin ƙurya ba tare da an nuna mata ba. Nan ne kawai gidan ya saɓa da na kwamfuta. Ɗakin ɗan ƙarami ne, gado ɗaya ya cinye shi, sai ɗan wurin da mutum zai tsaya ya juya. Kurma na kwance a rigingine, ya rame, gemu ya fito masa, idonsa na kan silin.

"Ɗakinsa ne tun yana yaro," in ji yayar tana gyara masa matashi. "Kullum cewa yake in ya samu hali sai ya fasa bangon nan, wai ɗaki kamar akwatin ashana. Na so in mayar da shi falo, sai na ga kamar nan ya fi natsuwa." Ta juyo, fuskarta ta washe. "Ke, kin zo da goshi! Yau ya motsa."

"Ya motsa?"

"Da rana tsaka. Ina kicin na ji yana gurnani, na rugo. Na tarar ya ware hannuwa, ɗaya nan ɗaya nan, yana turawa kamar mai tare wani abu, gumi sharkaf. Na tsorata, wallahi, na ce ko tafiyar ce ta zo. Can sai ya saki, ya yi ajiyar zuciya. Na kira likita, ya ce alama ce mai kyau. Tun da aka kawo shi ko yatsa bai taɓa ɗagawa ba." Ta share ido da gefen zaninta. "Da zai sake yi, ko sau ɗaya ne."

Birkila ta matsa kusa. Ta durƙusa a gefen gadon ta ce, "Kurma, ni ce. Sannu da jiki." Idonsa bai zo kanta ba. Ya sauko daga silin a hankali ya tsaya a ƙarshen gadon, wajen ƙafafunsa, inda babu kowa.

Washegari ta ja Boka zuwa matattakalar bene ta zayyana masa komai. Ya fara dariya, dariyar ta mutu a hanya.

"Birkila, ni Boka na suna ne kawai, kin sani ko? Dacewa ce. Mara lafiya ya motsa, kwamfuta ta yi hauka, rana ɗaya. Shi ke nan."

"To kyanwar fa?"

"Kyanwar..." Ya sosa ƙeya. "Na duba bayan tafiyarki. Babu inda aka rubuta mata ta hau wani abu a ɗakin nan." Sannan ya ce, "Amma in gaskiya ne, ai kin ji abin da likita ya ce. Motsi ake nema."

Abin da ya hana ta sukuni ke nan tun jiya. Ta tuna idon yayar, ta tuna kuma hannuwan da aka ce sun ware suna turawa. Da hantsi ya ɗaga, Oga ya fita, ta zauna gaban kwamfutar, Boka na tsaye a bayanta. Ta raba allon biyu, gefe guda manhajar gini, gefe guda wasan na tafiya, kyanwar na zaune a iska. Ta kira yayar a waya.

"Yaya, ya mai jiki? Kina kusa da shi?"

"Ga ni a kansa, ina goge masa fuska."

Birkila ta kama ɗigon ta tura kaɗan. Ta ƙara kaɗan.

"Ke! Ƙanwata! Ya fara! Ga hannun nan, ga hannun nan yana ɗagawa!"

Ta cikin wayar, bayan muryar yayar, wani sauti ya taso, siriri, mai shiga da fita. Shi ne wanda ta ji jiya a abin sauraro, ba ko tantama. Sai dai yanzu ta ji abin da ke cikinsa: mutum ne yake son ya yi ihu ba shi da bakin yi.

"Ƙara," in ji Boka da raɗa. "Yana aiki."

"Ba zan iya ba."

Ta ja bangon baya. Ba ta tsaya inda yake da ba, ta ci gaba da ja har ya haɗu da iyakar tsakar gida. Sannan ta ɗauko ƙofa daga cikin kayan gini, mafi faɗi da ta samu, ta dasa a bangon, ta bar ta a buɗe. Hasken tsakar gidan wasan ya zubo cikin ɗakin.

Kyanwar ta ɗaga kai. Ta diro ƙasa, ta nufi ƙarshen abin da take kai, ta fara shafa jikinta a iska, tana zagayawa yadda kyanwa ke zagaya ƙafar mutum. A haka ta bi har bakin sabuwar ƙofar, ta fita tsakar gida. Ta ɗan jima a can. Sai ta dawo da gudu ita kaɗai, ta tsaya a gefen gadon da ba a gani tana kallon sama. Can ta sake fitowa, wannan karon a hankali ƙwarai, tana tafiya tana tsayawa, kamar mai rakiyar wanda ke koyon tafiya.

Wayar ta yi tsit. Birkila ta ce, "Yaya? Yaya!"

Sai ta ji kuka, da wata murya a dushe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba, tana cewa, "Ruwa."

Boka ya zauna a ƙasa daɓas. Har aka tashi aiki bai tauna biro ba.

Oga ya yi mita da ya ga ɗakin ya ƙara girma maimakon ya ragu. Birkila ta ce in za a taɓa ɗakin nan sai dai a nemi wata birkilar. Ta rage wasu gidajen ta cike gurbin nauyin, Boka ya goya mata baya da wasu dogayen bayanai da Oga bai gane ba, aka bar maganar. Wasan ya fita, mutane suka karɓe shi fiye da yadda aka zata.

Kurma ya daɗe kafin ya iya haɗa magana. Ranar da Birkila ta koma dubiya, an fito da shi tsakar gida a kujera, an rufa masa bargo a ƙafa. Yayar ta shiga kicin haɗa shayi. Ya dube ta da kyau, wannan karon idonsa a kanta.

"Ke ce," ya ce, kalma ɗaya bayan ɗaya. "Hannunki na da nauyi."

"Ka yafe ni. Ban sani ba."

"Ƙofar ta yi kyau. Ta ɗan karkace." Ya yi ɗan murmushi da gefen baki guda. Sai murmushin ya tafi. "An saki wasan?"

"An saki."

"Har da gidan?"

"Har da shi. Shi mutane suka fi so ma."

Ya rufe ido. "Ba ni kaɗai ba ne a ɗakin, Birkila. Akwai wani. A ƙarshen gado yake zama, ya ba ni baya. Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ba ya magana, ba ya taɓa ni, jira kawai yake. Da kika buɗe, shi ya fara tashi."

"Wane ne?"

"Ban gina shi ba." Ya buɗe ido. "Da na fito na wuce shi a tsakar gida, yana tsaye. Ban waiwaya ba."

Yayar ta fito da tire tana cewa yau har cokali ya riƙe da kansa, ai sai godiya. Birkila ta karɓi kofin da hannu biyu.

A bas ɗin komawa ta zauna kusa da wata mata mai kayan ma'aikatan asibiti, ta dawo daga aiki, ta duƙufa a kan waya. Kiɗan da ke fita daga wayar Birkila ta san shi kamar sunanta. Matar ta yi tsaki, ta ga ana kallonta, sai ta karkato da wayar.

"Baiwar Allah, kin san wasan nan? Dubi wannan kyanwar don Allah. Duk na zo gidan nan sai ta tsaya tana shafa jiki a iska, in danna in danna ta ƙi tafiya. 'Yan wurin aikinmu duk haka take yi musu, wai wani sirri ne masu wasan suka ɓoye."

Birkila ta duba. Kyanwar na zagaya wani abu da ba a gani, jela a sama.

"Da a tsakiyar tsakar gida take yi," in ji matar. "Kwanakin baya ta koma bakin zaure. Yau kin gan ta, har ta kai ƙofar waje."

Birkila ta ƙwanƙwasa wa direba, ta sauka tun ba a zo unguwarsu ba, ta tsallaka titi ta hau mai komawa. Mai gyaran firji bai rufe shago ba tukuna, ya bi ta da ido tana hawa bene da gudu. Boka na haɗa jakarsa zai tafi, ya ga fuskarta, ya ajiye jakar ya biyo ta.

Ta buɗe gidan, ta cire ƙofar waje, ta tayar da bango a wurin, mai kauri, ta ninka shi. Ta yi wa kyanwa wata 'yar kafa a saman katanga, wadda ko kan yaro ba zai shiga ba, don 'yan wasa su samu hanyar wucewa. Za ta rufe manhajar ke nan sai ta tsaya, ta tuna hannuwan da suka ware suna turawa. Ta kama ɗigon tsakar gidan ta ja waje, ta ja, har ya zama fili mai faɗi. Ta dasa bishiya a tsakiya, ta ajiye benci a inuwarta.

"Oga zai kashe mu," in ji Boka.

"Tura wa mutane gyaran kawai."

Ya tura. Suka kunna wasan suka zuba ido. Kyanwar ta tsaya a gindin sabon bangon, ta daɗe a wurin. Sannan ta juyo, tana tafiya tana shafa jiki a iska, ta ratsa zaure, ta fito fili, ta nufi bishiyar. Ta yi tsalle ta hau, ba kan bencin ba, ɗan sama da shi, daidai inda cinyar mai zama za ta kasance, ta kwanta.

Kurma ya warke har yana takawa da sanda, amma bai koma aikin ba, shagon sayar da tsirrai ya buɗe a ƙofar gidansu. Birkila tana nan tana gini. Ta koya wa sababbin ma'aikata yadda ake jan bango da yadda ake tsuke shi, kuma duk wanda ya zo takan nuna masa gida ɗaya a cikin jerin, ta ce wannan ba a buɗe shi, ba a rage shi. In sun tambayi dalili, sai ta ce da mai shi a ciki. Su yi dariya, ita ma ta taya su kaɗan.